Sallah da goyo da ɗan yaye: a tafi gida ko a zauna?

Da zarar ya rage mako biyu Sallah, wayar gida ta fara shigowa ke nan. Ba a ma tambayar ko za a zo, rana kawai ake son ji. Ga ma'auratan da aiki ko kasuwa ya kai su Abuja, Kaduna, Legas ko Yamai, amsar a da ba ta da wuya: jaka ɗaya, tasha, sai gida. Amma idan a ɗakin akwai ɗan shekara biyu da ba ya zama wuri ɗaya, ga kuma jariri a baya, lissafin ya sauya, kuma da yawa ba sa zama su sake shi sai sun tsinci kansu a tsakiyar hanya yara biyu na kuka a lokaci guda.

Ba zumunci nake son mu ɗora a sikeli ba. Zumunta a ƙafa take, kuma kakannin nan suna da haƙƙin ganin jikokinsu. Abin tambaya shi ne ko ranar Sallah ita ce ranar da ta fi dacewa a sauke wannan haƙƙi a bana, da waɗannan yaran a yadda suke yanzu.

Ni a wurina watannin jaririn ne ke fara yanke hukunci, kafin kuɗin mota da kafin komai. Jaririn da bai cika wata uku ba, idan jikinsa ya yi zafi har ma'auni ya nuna digiri 38, ba a ba shi magani a gida a jira gari ya waye, asibiti ake nufa da shi a lokacin. To a tambayi kai: daga ƙofar gidan Baba zuwa asibitin da ke da likita da dare, tafiyar minti nawa ce? A garuruwa da yawa ƙaramin asibitin unguwa ma ma'aikatansa sun tafi tasu Sallar. Sannan ga allurar rigakafi. A tsarin Najeriya ana yi wa jariri ta farko da haihuwa, sai ta mako 6, ta mako 10 da ta mako 14, kuma waɗannan ukun su ne ke gina masa kariya daga mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon huhu. Ta ƙyanda kuwa sai ya kai wata 9. Gidan Sallah gida ne na shiga da fita. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya karɓi jaririn, ya sumbace shi, ya miƙa wa na kusa, a cikinsu har da yaran maƙwabta masu mura da tari. Babu mai mugun nufi, ƙauna ce tsantsa. Amma wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ba zai ɗauki maganar cunkoso da wasa ba. Iyayenmu da suka hana mai jego yawo kafin arba'in sun san abin da suke karewa. Ni dai na fi son a ja wannan iyaka zuwa bayan allurar mako 14. Jaririn da ya wuce wata shida, yana zama, ya fara shan kunu, wannan tafiya da shi wata magana ce daban, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai kuma lokacin shekara, wanda mutane ke mantawa da shi saboda Sallah ba ta tsaya a wata ɗaya na turawa ba. Kowace shekara tana ja da baya da kwana goma zuwa sha biyu. Babbar Sallah a Najeriya ta faɗo 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Wato tana ficewa daga damina tana shiga tsakiyar bazara, ita kuma Ƙaramar Sallah ta riga ta koma Maris. Shekarun nan masu zuwa, Babbar Sallah za ta riƙa zuwa a Mayu da Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram ke haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Wanda ya yi tafiyar Sallah da goyo shekaru biyar da suka wuce cikin sanyin damina, ya ce ai ba komai, ba irin hanyar da za ku bi ya bi ba.

Zafin nan shi ke jawo wata rigimar da ta fi yawa a gida fiye da birni: ruwa. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, har a bazara, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Abin da ake buƙata shi ne a ba shi akai-akai, ita kuma uwar ta sha ruwa sosai. A ɗakinki babu mai musu da ke a kan wannan. A gidan surukai kuwa, tsohuwa za ta ga jikanta yana kuka a cikin zafi ta ce ƙishi ne, ta ɗebo ruwan randa, wata ta kawo zuma ta lasa masa, alhali ba a ba yaron da bai shekara ba zuma. Wata ma ta duba bakinsa ta ce ba a cire masa beli ba, a kira wanzami. Matar da ke jin nauyin uwar mijinta ba ta iya cewa a'a sau uku a rana ɗaya. Idan maigida ba zai tsaya ya faɗi wannan a'ar da bakinsa ba, to wannan kaɗai dalili ne na ɗage tafiyar.

In kuma hutun da ake magana dogon hutun makaranta ne na Agusta, matsalar ta koma sauro. A tafi da gidan sauro naku, kada a dogara da na can. A kuma tuna da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata a cikin damina, a jihohin arewa da kuma Nijar. Na kwana uku ne kowane zagaye, kuma yaron da ke kan hanya yakan faɗa tsakani, masu rabon maganin sun wuce can, ba su iso nan ba.

Hanya kanta ba iri ɗaya ba ce. Kaduna zuwa Zariya, ko Kano zuwa Katsina da bai kai kilomita 200 ba, tafiya ce da za a yi tsakanin asuba da hantsi, yara na barci. Abuja zuwa Kano ya haura kilomita 400, Kano zuwa Maiduguri ya kusa 600, Yamai zuwa Maraɗi ya haura 600. Wannan wuni ne cur. A motar gida ana iya tsayawa a shayar, a sauya wa yaro ƙunzugu, a bar babban ya taka ƙasa. A motar haya ta jajiberin Sallah, inda ake zama hurhuɗu a baya, uwa na rungume da jariri, ɗan yaye na kan cinyar uba ko cinyar baƙo, direba kuma na sauri ya sauke ya juyo ya sake lodi, babu wannan damar. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna ya fi sauƙi ga mai yara don akwai wurin miƙe ƙafa da banɗaki, sai dai tikitinsa a makon Sallah sai an yi da gaske. Akwai kuma hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu, irin ta Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau. A kan irin waɗannan ba na ganin akwai abin tattaunawa idan tafiyar za ta kai dare.

Duk wannan kamar ina cewa a zauna ne. To ga abin da ke ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarami ba ne.

Abin da uwar yara biyu ƙanana ta fi rashi a birni shi ne hannu. Tun asuba har dare ita ce: wannan na son nono, wancan ya hau kan tebur, tukunya na kan wuta, wanki ya taru. A gida kuwa, tana sauka daga mota an karɓe goyon. Kaka ta yi masa wanka irin wanda ta yi wa 'ya'ya takwas, gwaggo ta goya shi ya yi barci, uwar ta samu ta kwanta da rana, abin da wataƙila rabonta da shi tun kafin ta haihu. Shi ko ɗan yaye, gidan kaka ne ya fi dacewa da shekarunsa. Tsakar gida mai faɗi, kaji da awaki, 'yan uwa sa'anninsa da zai bi da gudu har ya gaji ya yi barci da kansa. Yaron da aka yi wa ƙani, wanda ya koma fitsarin kwance da kukan banza da cewa shi ma sai an goya shi, sau da yawa abin da yake nema mutum ne nasa shi kaɗai. A gidan kaka yakan same shi: wani kawu ko wata yaya da za ta ɗauke shi a matsayin ɗan ɗakinta. Kwana biyar a can sai ka ji bakinsa ya buɗe, yana durƙusawa yana gaida manya, yana kiran sunayen dangin da a da hoto kawai ya sani. Wannan ba abu ne da waya ke bayarwa ba. Kuma tsofaffin nan ba su da tabbacin wata Sallar, mu ma haka.

Sai dai a nan dole a rarrabe gida biyu da ake kira da suna ɗaya. Zuwa gidan iyayenta daban, zuwa gidan iyayensa daban. A gidansu 'ya ce, za ta iya cewa "Inna, na gaji" ta shige ɗaki. A gidan miji suruka ce, kuma a Babbar Sallah suruka ita ce a bakin murhu: wankin kayan ciki, yankan nama, suya ta kwana biyu ko uku, tuwon baƙi, ga kunya ba za ta bari ta zauna alhali matan 'yan uwan miji na tsaye ba. Maigida na waje a kan tabarma da abokan ƙuruciya, yana ganin iyalinsa na hutawa a cikin dangi. Sau da yawa matar takan dawo daga irin wannan hutu ta fi yadda ta tafi gajiya. Akwai surukai masu cewa "ke da goyo, je ki zauna", Allah ya saka musu da alheri, kuma kowace mace ta san irin tata. Ita ya kamata a tambaya, a kuma yarda da amsarta.

Akwai wani haɗari da yawan jama'a ke ɓoyewa. A gidan da mutum talatin suke, kowa na zaton wani na kallon yaron, sai ya zama babu mai kallonsa. Ranar layya kuwa tsakar gida cike take da abin da ɗan shekara biyu ke so ya taɓa: kaskon mai na tafasa a ƙasa, wuƙaƙe a kan tabarma, garwashi, bokitai da bahon ruwa a buɗe, rijiyar da murfinta ya goce, kananzir ko fetur a gorar lemo. Yaro ƙarami yana iya nutsewa a ruwan bokiti, kuma ba ya ihu. Ga gyaɗa da alewa da ƙananan ƙasusuwa da kowa ke miƙa masa, waɗanda ke iya shaƙe shi. Maganin wannan ɗaya ne: a ambaci sunan babban mutum guda a ce yau yaron nan a hannunki yake. Ba 'yar shekara bakwai ba, wadda da ta ji kiɗa a waje za ta bi. Idan kun duba gidan ba ku ga wanda za a ɗora wa wannan ba, to yawan hannun da ake tafiya dominsa babu shi.

Zama a birni fa? Ribarsa a fili take. Yara na kwana a shimfiɗarsu, cikin gidan sauronsu, suna shan ruwan da cikinsu ya saba da shi. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu na buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana, kuma mafi yawan rigimar da ake cewa ƙiwa ce a gidan baƙunta rashin barcin rana ne kawai. Asibitin da kuka sani na kusa. Kuɗi ma sun tsira, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi, kuma a makon Sallah direbobi na ƙarawa. A haɗa da tsaraba da barka da Sallah na yaran dangi, sai ka ga abin da tafiyar kwana huɗu ta ci ya isa cefanen makonni.

Amma kada a yaudari kai, zaman ma yana da nasa nauyin. Mai aiki ta tafi garinsu, maƙwabta sun kulle ƙofa sun tafi, unguwa ta yi tsit. Ga zafi, ga rashin wuta, ga yaro mai ƙarfi a kulle cikin ɗaki biyu. Uwar na ganin hotunan 'yan uwanta a waya sun yi anko sun taru a tsakar gidansu, ita tana nan da zanen jiya. Kaɗaicin ranar Sallah ga mai jego abu ne da ba na rainawa, kuma na san yana sa wasu kuka a ɓoye. A irin wannan rana ce ake miƙa wa ɗan yaye waya ya yi shiru, awa ɗaya ta zama huɗu, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗan ƙasa da shekara biyu a nisanta shi da allo, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Saboda haka zama ba ya yin daɗi sai maigida ya ɗauki kwana biyun da gwamnati ke bayarwa a matsayin kwanakin aikin gida. Ya yi wa babban wanka, ya sa masa kayan Sallah, ya tafi da shi idi idan filin na kusa, su biya su gaida maƙwabtan da suka rage. Da la'asar ya sake fita da shi ko zagayen unguwa ne, don uwar ta samu awa biyu daga ita sai jaririn. A rage girki, kala ɗaya ya isa. Layya ma ana iya aika kuɗin gida a wakilta wani ya yanka a can, dangi su ci, a aiko muku da soyayye, maimakon a jibge wa mai goyo rago guda ita kaɗai. Idan kuma an tada janareta, a waje yake kwana, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci. Maigidan da ya san zai yi sallar idi ya wuce majalisa sai dare, gara ya kai iyalinsa gidan iyayenta, ya fi adalci.

Tsakanin tafiya da zama akwai hanyoyin da ba a cika kawowa ba. Wasu kan raba: uba ya tafi da babban, uwa ta zauna da jariri. Yana yi idan yaron ya san kakarsa sosai kuma kwana ɗaya ko biyu ne. Amma yaron da aka yaye kwanan nan, ko wanda ƙaninsa bai wuce 'yan makonni ba, zai iya ɗaukar abin a matsayin an kore shi ne saboda sabon, ya dawo ya fi da rigima. Wasu kan aika wa kaka kuɗin mota ta zo, kujera ɗaya maimakon iyali guda, sai dai da wuya tsohuwa ta bar gidanta ranar Sallah, ta fi yarda bayan an watse.

Wadda na fi so ita ce a raba ziyarar da ranar Sallah. A yi Sallah a inda ake, a tafi bayan kwana goma ko mako biyu. Kuɗin mota ya sauko, hanya ta yi sauƙi, gida ya koma daidai, babu kaskon mai a tsakar gida. Kakar da a ranar Sallah ba ta samun minti goma da jikanta saboda baƙi, yanzu sai ta wuni da shi a cinya. Abin da aka rasa shi ne haɗuwa da 'yan uwan da su ma daga nesa suke zuwa, da kallon hawa ga masu zuwa Kano ko Katsina ko Zazzau. Rashi ne na gaske, amma hawan da ƙurarsa da harbin bindigoginsa dama ba wurin jariri ba ne, kuma ɗan shekara biyu ba zai tuna ya gani ba.

Wannan shawara ba ta tafiya sai an iya faɗarta. Ɗan gida shi ke gaya wa mahaifiyarsa, da bakinsa, a matsayin hukuncinsa, ba ya ce "ita ce ta ce ba za ta iya ba". Kalma ɗaya irin wannan na iya ɓata tsakanin mace da surukarta na shekaru. Ya kira tun da wuri ya ce, "Hajiya, jaririn nan bai gama allurarsa ba, ga zafin nan. Ki yi mana haƙuri mu yi Sallah a nan, ranar kaza in Allah ya yarda muna tafe, mu kwana biyar." A sa rana, a kuma cika. A aika kayan Sallarta su riga isa. Mafi yawan iyaye abin da ke musu ciwo shi ne su ji kamar an manta da su, ba ranar kanta ba.

Ga wanda ya auna ya ga tafiya ce ta fi, wato jariri ya wuce wata huɗu ko shida, hanya ba ta wuce rabin wuni ba, akwai ɗakin da za a sauka da mai riƙon babban, to a tafi da zuciya ɗaya. A riga cunkoso da kwana biyu in aiki ya bari, a tashi bayan sallar asuba don a isa kafin rana ta take. Yara a kujerar baya, ba a gaba a cinyar uwa ba. A jakar hannu, ba a but ba, a sa katin rigakafin yaran biyu, ma'aunin zafin jiki, ƙullin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, ruwan sha na babban, da abin da ya saba kwana da shi ko tsohon zane ne. A can kuma, duk jaririn da ya ƙi kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a jiran a gama suya ko a nemo mai tofi tukuna. A nemi mota a tafi babban asibiti mafi kusa, kuma tun ranar da aka sauka ya kamata maigida ya san inda yake da lambar direban da zai ɗaga waya da tsakar dare.